Tattara a Kafaɗar Tela

Inna ta fara zare hannun rigar mijinta daga ɓangaren mai lafiya, sannan ta tallafo gwiwar hannun hagun, ta zame sauran a hankali yadda aka koya mata. Ta ga Tela ya cije leɓe. Wata uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a gaban keken ɗinkinsa. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi na da in ka tambayi Inna. Hannun hagu ne ya ƙi. Yana nan a sake, nauyinsa na jan ƙashin yana saukowa daga gurbinsa a kafaɗa.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta asibitin, wata siririyar yarinya mai tabarau, ta sa yatsa a ɗan ramin da ke ƙarƙashin tudun kafaɗar.

"Yatsa ɗaya da rabi," in ji ta. "Yadda yake mako biyu da suka wuce. Baba, ciwon fa?"

"Yana nan inda kika bar shi, 'yata."

A zuwan da ya wuce yarinyar ta manna masa wata doguwar filasta mai miƙewa kamar roba, tsiri uku, don ta taimaka wajen riƙe ƙashin a sama. Ta koya wa Inna yadda za ta canza duk kwana uku, ta kuma ce in ba a ga sauƙi ba sai a koma ga majanyin rataye hannu. A hanyar gida Tela ya yanke tasa maganar: ranar da aka rataye masa hannu a wuya, a kira dillali ya ɗauke keken. Shi ba mai maimaita magana ba ne. Inna kuwa ta san in keken nan ya fita daga ɗaki, mutumin nan ba zai sake samun dalilin tashi daga gado da safe ba. Abin da take tsoro ke nan, ba ciwon ba.

Yarinyar ta gyara tabarau, ta ƙura wa filastar ido. Tana kwance lafiya lau a kan fata, sumul kamar an sa mata dutsen guga, tsakanin tsiri da tsiri daidai wa daida.

"Mama, ke kika sa wannan?"

"Ni ce."

"Kin ja ta kuwa?"

Inna ta dubi bango. Da za a bar ta, da ta ɗauki laifin ta yi shiru. Amma Tela ba ya iya zama ana yabon aiki, ko yana zaton ana yabo, bai sa baki ba.

"Ni na sa aka gyara," ya ce, yana ɗaga haɓa. "Kada ki ji haushi, 'yata, aikinki na da kyau, sai dai kin yi sauri. Da muka je gida na duba madubi, na ga duk ya tattare, fata ta yamutse. Shekara arba'in ban taɓa barin ɗinki mai tattara ya fita daga shagona ba. Na ce ta ɓare, ta yanko sabuwa. Ni na auna da tef, na sa alli, ta shimfiɗa a kan layi."

"Duk canji haka ake yi?"

"Duk canji," in ji Inna a hankali. "Na gaya masa kin ce a ja. Ya ce ni ce ban ji daidai ba."

Yarinyar ta rufe baki da bayan hannu. Da ta gama da dariyarta, ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Baba, in za ka sa roba a ƙugun wando, yaya kake yi?"

"Wannan ai ko ɗan koyo ya sani. Ka kafa bakinta, ka ja ta kana ɗinkawa, ka saki ƙarshe."

"In ka saki, yadin ya yi me?"

"Ya tattare mana."

"In kuma ka shimfiɗa ta ba ja, don kada yadin ya tattare?"

"Sai wandon ya..." Tela ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dubi hannun da ke kwance a cinyarsa. "Sai wandon ya faɗi," ya ƙarasa.

Gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Inna ta so ta faɗa, maganar har ta zo bakinta, sai ta ga yadda kunya ta rufe shi, ta haɗiye.

Fatar ta yi ja saboda yawan ɓarewa, don haka yarinyar ta ce a bar ta ta huta zuwa yamma. A kafaɗar Inna ta sake nunawa, Tela na kallo ko ƙiftawa ba ya yi. A ɗora gwiwar hannu kan matashi ƙashin ya koma gurbinsa tukuna. A kafa bakin filastar a dantse ba ja, a ja tsakiyarta zuwa sama, a kwantar da ƙarshenta a bayan kafaɗa. A zagaye kusurwoyin da almakashi don kada riga ta ɗaga su.

"Ban yi alkawarin za ta gyara komai ba," in ji ta. "Taimako ce, motsa hannun shi ne babban aiki. Amma ba mu ma gwada ta ba tukuna. Na ƙara muku mako biyu."

A motar haya Inna ta zauna ta hagunsa, ta tare shi da jikinta daga masu shiga da fita.

Da rana ta yi sanyi ta zaunar da shi kusa da taga, gefen keken da ke lulluɓe da tsohon zani. Ta jera matasai biyu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ta auna tsiri uku, ta ɗauko almakashin kicin. Da ma ba kaifi gare shi ba. Maimakon ya yanka sai ya riƙa taunar filastar, kusurwar ta fito da zare-zare.

"Ke ma dai, Sarkin Sauri," in ji Tela. "Wannan yanka ne ko cizo?"

"Shi gare ni. In kana da wanda ya fi shi, kawo."

Da wasa ta faɗa. Kowa a gidan nan ya san dokar almakashin Tela: yadi kawai yake ci. Suna sabon aure ta taɓa yanke wata takarda da shi, ya yi kwana biyu bai yi mata magana ba, tun daga ranar kuwa ko ƙura ba ta share masa.

Ya miƙa hannun dama ya jawo aljihun keken. Ya fito da almakashin a naɗe cikin ƙyallensa, ya warware da haƙori, ya juya mata mariƙin.

Inna ba ta karɓa nan da nan ba.

"Maigida, akwai takarda a bayanta fa."

"Na gani. Yanka."

Nauyinsa ya ba ta mamaki. Ta zagaye kusurwar, ya wuce sumul ba ko ƙara. Ta kafa bakin filastar a dantsensa, ta ja.

"Ƙara kaɗan," ya ce. "Haka. Kwantar."

Da ta gama na ukun ta murza su da tafin hannu, ta kawo masa madubi. Fatar ta tattare daga dantse har kafaɗa. Ya daɗe yana dubawa, fuskarsa a yamutse kamar wanda aka ba magani mai ɗaci.

"Mummunan ɗinki," ya ce.

Inna ta naɗe almakashin za ta mayar cikin aljihun keken, ya dafa murfin da hannunsa mai lafiya.

"Ajiye a wurinki. Nan da kwana uku ai za ki sake."