Gawo a Watan Agusta

Ruwa yana dukan kwanon ajin kamar ana zuba tsakuwa a faranti. A fuskar kwamfutar hannun da ke gaban Kamaruddeen, gonakin Unguwar Dabo sun kwanta kore shar, ƙanana-ƙanana, kowace da iyakarta ta gamba. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko su daga inda tsuntsu ba ya kaiwa. A tsakiyar wata gonar gero akwai wani tabo mai ruwan toka, rassansa a baje kamar tsagewar ƙasa. Na'ura ta zagaye shi da jan layi, ta rubuta tambayarta a ƙasa: wannan bishiya rayayya ce ko matacciya?

Kamaruddeen ya zunguri na kusa da shi da gwiwar hannu.

"Baƙauye, leƙo nan. Mene ne wannan?"

Mudassir ya kalli hoton da gefen ido. Bai buƙaci ya matso ba.

"Gawo," ya ce, can ƙasan maƙogwaro.

"Gawa?" Kamaruddeen ya yi dariya, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar ruwan. "Wallahi kuwa. Gawar bishiya. Ashe kana da hikima." Ya danna matacciya, ya wuce hoto na gaba.

Mudassir ya buɗe baki. Ya ga yatsan Kamaruddeen yana gudu a kan gilashin, hoto na bin hoto, shi kuwa tun safe bai wuce talatin ba. Ya rufe bakinsa.

Ranar farko ke nan da fara aikin. Dakta Ramlat, malamar wata jami'a a Kano, ita ta kawo shi lokacin hutun makaranta, ta ari aji ɗaya a firamaren ƙauyen, ta ɗauki matasa shida da suka gama sakandare. Ta yi musu bayani a tsaye, mayafinta a kafaɗa. Akwai ƙirƙirarriyar basira da ita da abokan aikinta a ƙasashe uku suke koya wa karanta hotunan da ake ɗauka daga sararin samaniya. Tana iya duba gona dubu kafin mutum ya gama alwala, amma ba ta taɓa taka kunya ba. Inda ta yi shakka za ta tambaya, abin da aka amsa mata kuma shi za ta riƙe. Mutum huɗu ta ba su aikin amfanin gona da kududdufai. Bishiyoyi ta damƙa wa mutum biyu, Mudassir da Kamaruddeen.

Sannan ta faɗi maganar da ta hana Mudassir sakat. A ƙarshen wata za ta ɗauki mutum ɗaya zuwa Kano, horon shekara guda a ɗakin binciken da hotunan ke sauka. Mutum ɗaya tak.

Kamaruddeen ɗan Gwaggo Barira ne, ƙanwar baban Mudassir. Taubasai ne, don haka bakinsa a sake yake, ba mai hana shi. A Kano ya tashi, bara suka dawo ƙauye bayan rasuwar mahaifinsa. Turanci a bakinsa kamar ruwa. Da Dakta ta ce 'yar'uwar wannan na'urar ce ake ƙirga ramukan da ke jikin wata da ita, shi ya yi ta jero tambayoyi har ta ajiye jakarta ta zauna tana ba shi amsa. Mudassir shi ma yana da tambaya. Kafin ya gama shirya ta a ransa, an wuce wurin.

Shekara uku ke nan da ya gama sakandare. Sau biyu yana neman kwalejin Bici, bai samu ba.

Mako na farko ya wuce. Duk inda na'ura ta zagaye tabo mai ruwan toka, Mudassir ya danna rayayya. Kamaruddeen, a benci ɗaya da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya danna matacciya. Wani lokaci har ya haɗa da waƙa.

"Ga wata gawar. Allah ya jiƙan bishiyoyin garinku, baƙauye. Me kuke yi musu ne?"

"Yi aikinka," in ji Mudassir.

Ranar Juma'a da safe babu aiki, Mudassir ya bi babansa gona cirar ciyawa. Malam Abdulmumini ya tsaya a gindin babban gawon da ke tsakiyar gonar yana goge fartanya. Bishiyar tsirara take, babu ko ganye ɗaya, sai fararen ƙayoyi. Geron da ke ƙarƙashinta ya fi na ko'ina tsawo da kauri.

"Ka ga abin nan," in ji tsohon, ya dafa jikinta. "Kowa ya yi ganye, shi ya zubar, gero ya sha rana. Kowa ya bushe, shi ya tsiro, awaki su samu. Tun kakanka yake haka." Ya juya. "Yaya aikin naku? Jiya na haɗu da direban matar nan a masallaci. Ya ce ɗan Barira kansa yana ja. Wai a rana yana yin abin da mutum uku ba sa yi."

"Haka ne."

"To ka riƙa kallon yadda yake yi. Ba abin kunya ba ne."

Mudassir ya sunkuya ya kama ciyawa. Ya finciko ta da ƙarfi har da gindin gero guda. Ya mayar da shi, ya danne ƙasar da diddige kafin baban ya gani.

A nan ya gama shirya abin da zai yi. Zai bari a tara. Ranar da za a yi taron ƙarshe, a gaban Dakta, a gaban kowa, zai miƙe ya faɗi kalma ɗaya. Ya maimaita wurin a ransa sau ba adadi, har ya san yadda fuskar Kamaruddeen za ta koma.

Abin da bai lissafa ba shi ne na'urar tana auna masu koya mata. A mako na biyu Dakta ta manna takarda a jikin allo, sunan kowa da makin da na'ura ta ba shi, gwargwadon yadda amsoshinsa suka dace da abin da ta koya. Kamaruddeen, casa'in da huɗu. Mudassir, hamsin da ɗaya. Amsar Kamaruddeen ta ninka tasa sau uku, don haka bayanta na'urar ta bi. Yanzu idan Mudassir ya danna rayayya, sai ta sake tambayarsa cikin ladabi: ka tabbata?

Dakta ta kira shi waje, baranda.

"Mudassir, ko idonka yana damunka? Ko hoton ne ba ka ganewa?"

"Ina ganewa, ranki ya daɗe."

"To na'ura tana cewa amsoshinka sun bambanta. Akwai abin da kake gani da mu ba ma gani?"

Kalmar tana bakinsa. Ta taga ya hango Kamaruddeen yana nuna wa 'yan mata biyun da ke cikinsu wani abu a kwamfutarsa, suna dariya. Idan ya faɗa yanzu, Dakta za ta shiga ta gyara abin a hankali, ta ce kuskure ne kowa na iya yi, shi ke nan.

"Babu," ya ce.

Da aka tashi, Kamaruddeen ya biyo shi a hanya, ya miƙa masa dafaffiyar gyaɗa a leda.

"Kar makin nan ya dame ka. Gobe ka zauna dama da ni in nuna maka. Abin ba wuya. In ba ganye, ta mutu."

"Na gode, malam."

"Ka ga, har ka fara ladabi."

Mudassir ya karɓi gyaɗar. Da suka rabu ya watsa wa kaji.

Ranar taron ƙarshe Alhamis ce, gari a lumshe ba ruwa. Dakta ta haska taswira a jikin bango, daga Makoda har Ɗanbatta, jajayen ɗigo sun cika ta kamar ƙyanda. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce na'ura ta gano cewa cikin kowace manyan bishiyoyi biyar a yankin, ɗaya ta mutu a tsaye. Ta ce abokan aikinsu sun ɗora abin da na'urar ta koya a nan kan hotunan wasu ƙasashen, can ma haka ta nuna, hankalin kowa ya tashi. Ranar Litinin za su aika rahoto.

Mudassir ya miƙe. Gwiwarsa ta bugi benci.

"Ba su mutu ba."

Kowa ya juyo.

"Gawo ne. Da damina yake zubar da ganye. Da rani yake yi."

Wata daga cikin 'yan matan ta kama baki. "Lallai kuwa. Gawo."

Dakta ta daɗe tana kallonsa. Ta koma kan kwamfutarta, ta yi 'yan danne-danne, ta kira hotunan watan Fabrairu. Taswirar ta koma ruwan ƙasa, fayau, babu gero babu dawa. A daidai inda kowane jan ɗigo yake, ga ƙwallon kore, cikakke, da inuwarsa a gefe. Ta koma Agusta. Ta dawo Fabrairu. Sau uku tana yi.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sai ta yi dariya, irin ta wanda mota ta kusa bugewa. "Da mun aika wannan rahoton, da mun ji kunya a duniya. Mudassir, ka cece mu."

Ya kalli Kamaruddeen. Wurin da ya yi mako uku yana jira ke nan. Fuskar ta koma yadda ya zata, sai dai idanun ba ƙasa suke kallo ba. Shi suke kallo.

"Ai kai ka ce min gawa," in ji Kamaruddeen.

"Gawo na ce."

"Na maimaita a gabanka. Ka ji ni."

Dakta ta daina dariya. Ta buɗe jerin amsoshin Mudassir, ta ja shi sama, ta ja, har ta kai ranar farko.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina yaro."

"Ba wannan nake tambaya ba."

Ya ɗaga ido. Jerin yana jikin bango, kowa yana gani: rayayya, rayayya, rayayya, da kwanan wata a gefen kowace.

"Benci ɗaya kuke zama," ta ce. Ba faɗa a muryarta. "Kuma na kira ka waje na tambaye ka."

Ta kashe hasken, ta ce kowa ya tafi, za ta yi magana da abokan aikinta.

Ranar Asabar ta aiko a kira Mudassir. Ya same ta a ajin ita kaɗai, tana naɗe wayoyin caji. Ta nuna masa benci, bai zauna ba.

"Hoto dubu tara da wani abu na'urar ta koya a karkace," ta ce. "Ba a goge mata abu kamar allo. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an gyara, a je gona a tabbatar, a jira rani a sake dubawa. Kuma ba gawo kaɗai ba, yanzu ba mu yarda da kanmu a kan kowace bishiya ba. Aikin wata takwas ne, ko fi. Yana buƙatar wanda ya san su da ido, kuma yana nan kusa da su." Ta ɗago. "Ba ni da kowa sai kai."

"Kano fa?"

"Kamaruddeen zai je."

"Shi ya yi kuskuren."

"Shi ya yi. Kuma jiya ya zo da kansa ya ce in ɗauke ka, ka fi shi cancanta." Ta sa wayoyin a jaka. "Ka fi shi sanin aikin, wannan ba musu. Da ranar farko ka faɗa, da babu abin da za a zauna gyarawa, da ban ga abin da zai hana ni tafiya da kai ba. Yanzu ba zan iya ɗauke ka daga nan ba."

Ta miƙa masa mukullin ajin. Ya karɓa.

Ranar Litinin da hantsi motar jami'ar ta tsaya a bakin titin Makoda. Gwaggo Barira ta sa Mudassir ya ɗauko wa ɗanta jaka, babu yadda zai ƙi. Suka tafi ta tsakanin gonaki, gero ya fi su tsawo. Kamaruddeen ya sa sabuwar riga. Bai ce baƙauye ba ko sau ɗaya, wannan ya fi komai ci wa Mudassir rai.

Direba ya buɗe bayan mota, Mudassir ya jefa jakar. Kamaruddeen ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya tsaya.

"Can za su yi ta tambayata sunayen itatuwa. Kanya, ɗorawa, marke, ban san ko ɗaya a hoto ba." Ya shafa ƙeya. "Idan na kira ka, za ka ɗauka?"

Mudassir ya kalli titin, ya kalli tayar motar.

"In akwai sabis," ya ce.