Lakwal ɗin Garin Baƙo

Madam Hassana tana jan benci na ƙarshe zuwa aji guda lokacin da ta ji ƙarar mota a bayan katanga. Tun farkon shekara ta haɗa yaran da suka rage a ɗaki ɗaya, manya da ƙanana, domin ita kaɗai ce malamar da ta saura a lakwal ɗin Garin Baƙo, makarantar bokon da ke can arewa da Issawane.

Bara ne wata cibiyar masana daga Yamai ta kawo sabon tsari yankin, da tallafin Turawa. An raba wa iyaye kati, kowa ya kai ɗansa makarantar da yake so, cibiyar ta biya. Kafin damina ta faɗi har wani ɗan kasuwa ya buɗe lakwal mai zaman kanta a Gidan Amumune, da rufin kwano da littattafai. Manoman da suke da dangi a can duk suka kwashe 'ya'yansu. Da yara suka ragu, sai aka ɗauke malamai biyu aka kai wani wuri. Waɗanda suka rage kusan duk 'ya'yan makiyaya ne da suke zuwa a ƙasa daga ruga.

Wanda ya fito daga motar shi ne Gazali, wakilin cibiyar. Tare suka yi karatu da Hassana a Tasawa.

"Madam, ina gajiya? An tara iyayen?"

"Waɗanda suka samu zuwa suna gindin gawo," in ji ta.

Gazali ya yi bayani da zuciya ɗaya, ba wasa a fuskarsa. Ya ce shekara da shekaru talaka yana kai ɗansa inda aka ce ya kai, ko malami na zuwa ko ba ya zuwa. Yanzu makaranta ta zama kamar rumfar kasuwa. Mai kaya masu kyau zai samu jama'a, wanda ya yi sakaci a watse masa.

"Ku ne masu zaɓi yanzu, ba gwamnati ba," in ji shi.

Wani dattijon makiyayi mai suna Mamudu ya gyara sandarsa. 'Yarsa Balkisu ce ta fi kowa karatu a ajin.

"Mushe Gazali, mun ji, mun gode. To amma daga rugarmu zuwa Gidan Amumune tafiyar wuni ce ga yarinya. Ba mu da kowa a can. Ina za ta kwana?"

"Gaskiyarka, Baba. Amma inda duk akwai buƙata, wani zai gani. Ko ya buɗe lakwal a nan kusa, ko ya kawo motar ɗaukar yara. Sai dai a ɗan yi haƙuri."

"Zuwa yaushe?"

Gazali ya ce ba zai iya sa rana ba. Mamudu bai matsa ba. Ya yi godiya, taro ya watse.

A bakin aji Gazali ya rage murya. Ya ce ya ji daga ofishin ilimi na Mayahi cewa za a rufe ƙananan makarantun da yara suka yi ƙaranci, kuma Garin Baƙo na ciki. Ƙila bayan hutu, ƙila ma kafin nan.

"Can Gidan Amumune suna neman malama. Na yi miki magana. Suna son amsa kafin ranar kasuwa."

"Waɗannan fa?" Ta nuna yaran da suke leƙowa ta taga.

"Ko kin zauna rufewa za a yi, Hassana. Ba ni na yanke ba." Sai ya sauya magana. "Ya Abdulhakim? Na ga ya fara karanta faransanci da kansa."

Ta sunkuyar da kai. Ɗanta ne, kuma tun bara ta karɓi katin ta kai shi wurin yayarta a Gidan Amumune. Ba ta taɓa yin nadama ba. Lakwal ɗin can ta fi wannan, kowa ya sani, ita ma ta sani.

Bayan motar ta tafi, Hassana ta koma aji ta koyar da lissafi har azahar. Ta raba allon gida uku, kowane rukuni da nasa. Balkisu ta gama aikinta, ta juya tana nuna wa ƙanana. Hassana ta tsaya tana kallonta har allin ya jiƙe a hannunta.

Da aka tashi ta tarar da Mamudu bai tafi ba. Yana tsugune a inuwar katanga, ga ƙwaryar nono a gefensa.

"Madam, ga wannan daga uwar Balkisu." Ya miƙa mata. "Magana nake so in tambaye ki, tsakanina da ke. Ƙannena za su yi kudu da shanu, ciyawa ta ƙare nan. Bara na ƙi binsu saboda karatun yarinyar nan, shanuna suka sha wuya, wasu ba su tashi ba. Bana ma na ce zan zauna. Suna ta yi mini dariya. Ke kin san abin da ban sani ba. In zauna?"

Hassana ta dubi ƙwaryar, ta dubi Balkisu da take tsaye nesa kaɗan da jakar buhu a kafaɗa, tana jiran babanta. Ta so ta ce ya jira, wataƙila abin ya canza. Ta nemi dalili ko ɗaya da za ta kafa wannan maganar a kai, ba ta samu ba.

"Baba Mamudu, yaushe za su tashi?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

"Ka bi su," in ji ta. "Kada ka sake asarar shanunka."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali ya miƙe. Balkisu ta ɗago hannu daga inda take.

"Madam, sai gobe!"

"Allah ya kai mu," in ji Hassana.

Ta tsaya har suka shige cikin karan gero. Sannan ta hau tudun da ake samun layin waya, ta kira Gazali don ta ce masa ta karɓi aikin Gidan Amumune.