Ramin da Zinariya ta Hana a Zurfafa

"Ba za a haƙa shi haka ba, Alhaji. Ko ina kwance ba za a haƙa ba."

Na shigo da kunun tsamiya na tarar da Anti Zinariya a ƙofar ɗakinta, jingine da matashi, takardar zane shimfiɗe a cinyarta. Alhaji Ɗanmaliki ɗan kwangila yana zaune a bakin tabarma yana fifita da hularsa.

Katanga ce kawai tsakaninmu da ita. Ta yi shekaru a Kaduna tana zanen gine-gine, sai ciwon daji ya dawo da ita gidan mahaifinta a Kankia. Jiki ya ƙare, muryar ce ba ta ragu ba. Aikin da ya rage a hannunta ƙaramin asibitin haihuwa ne da ake ginawa wajen Fakuwa, kuma maigidana Sadisu yana cikin masu haƙan ramin sokawe, inda ƙazamin ruwan asibitin zai riƙa taruwa.

"Injiniya, rami ne fa," in ji Alhaji. "A zurfafa shi a miƙe, a jera bulo, a wuce wurin. Haka kowa ke yi."

"Ƙasar wurin yashi ce, ga damina ta kankama. Wa zai tsaya a ƙasan ramin?" Ta juyo ta dube ni. "Rauda, ba mijinki ba ne?"

"Shi ne, Anti."

"To ka ji. Na sake zanen. Mai faɗi za a yi, zurfinshi kar ya wuce ƙirjin mutum, gefen a kwance kamar ƙwarya. Ƙasar da aka fiddo a zuba ta nesa da baki. Murfin ma a zuba simintinshi a waje, gida-gida, yadda za a ɗaga ba a karya bayan kowa ba."

"Zai ci fili fa."

"Ya ci. Fili ba ya barin marayu."

Alhaji ya girgiza kai yana dariya, ya naɗe takardar ya sa a hammata.

Daga nan ta fara kasa zama. Kunu ma sai na ba ta da cokali. Amma kullum la'asar in Sadisu ya dawo, sai ta sa a kira shi ya tsaya a bayan labule ya faɗa mata inda aka kai.

Wata Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke masu haƙa suka koma rami, sai gefe guda ya sulalo. Yashin ya rufe Sadisu iya gwiwa. Ya zare ƙafafunsa ya tako ya fito, ya dawo gida da takalmi wari guda.

Ya tsaya a bayan labule ya ba mu labari. Anti kuwa dariya ta yi har tari ya sarƙe ta.

"Takalmi kaɗai ya ci? Ka bar mashi." Ta numfasa. "Da ma na san zai zubo. Yashi ba ya riƙe amana. Rauda, miƙo mani shafin rufin ɗaki, akwai inda kafintoci za su dafa don kar su faɗo da ban gama ba."

Na riƙe mata takardar, ta ja layukan da fensir a hankali, tana hutawa tana ci gaba, har ta gama.

Ba ta kai wata Alhamis ɗin ba. Da hantsi Allah ya karɓi abarsa, kanta a cinyata, tana maimaita kalmar shahada.

Leburorin suka zo daga Fakuwa a bayan motar Alhaji, suka ce ba wanda zai haƙa mata kabari sai su. Bayan an dawo daga maƙabarta na fito zubar da ruwa, na gan su jere a kan tabarmi a ƙofar gida. Sheburansu da digoginsu na jingine da katangarta. Yayyafi ya soma, jar ƙasar da ke bakin kayan haƙan tana narkewa tana gangarowa.