Kurtu Ɗaya Tilo

"Igiya ɗaya fa kawai a hannun riga, ranka ya daɗe," in ji Hammawa. "Ko ta aro ce, zuwa a ɗau hoton bikina."

Kanar Elias mai ritaya ya zare tabarau. "Kai, Hammawa, so kake ka rusa min birged?"

Birged ɗin Tallafi na Ko-ta-kwana ke nan, wanda tsofaffin sojoji suka kafa wa kansu a wani gareji a unguwar Ɗan Iya, domin ranar da ƙasa za ta neme su da ruwa, abinci da gyaran mota. Shekara shida ƙasa ba ta kira ba. A allon bango an zana bataliya uku: ta sufuri, ta girki, ta magani. Kowacce da kwamanda, da mataimaki, da mataimakin mataimaki. Hafsoshi talatin da ɗaya. Kurtu kuwa ɗaya ne, Hammawa, tsohon direban tankar ruwa. Ran Asabar shi ke jera kujeru a matsayin sufuri, ya dafa shayi a matsayin girki, ya shafa wa Manjo Luke man zafi a gwiwa a matsayin magani.

Bai taɓa ƙorafi ba sai da Fatu, wadda zai aura, ta shigo rayuwarsa. Fatu, wadda in ta yi dariya yakan manta hagu da dama a fareti! Ita ta ɗinka musu tambarin kafaɗa: ludayi da sifana a gicciye, rijiya a ƙasa. Jiya ta shafa hannun rigarsa, ta ce a hankali, "Kowa na ɗinka wa anini. Kai kaɗai ne hannunka fayau." Ba gori ta yi masa ba, kuma wannan ya fi ciwo.

"Duba allon nan, ɗana," Kanar ya nuna da sanda. "Duk kibiyoyin nan a kanka suke sauka. In ka zama mai igiya, wa za ka ba umarni? Mu kuma wa zai sara mana?"

"A ɗauko wani kurtun mana."

"Mun gwada. Duk wanda ya zo, kyaftin yake so."

Manjo Luke ya leƙo daga ƙofa yana ɗingishi. "Kurtu! Shayin ya huce!"

Hammawa ya dubi allon. Karon farko ya bi kibiyoyin da ido daga ƙasa zuwa sama, ya ga mutum talatin da ɗaya tsaye a kan wuyansa, kowa da tumbinsa. Zuciyarsa ta buga irin bugun da take yi in Fatu ta kira sunansa.

Ya ƙame, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, ya sara.

"Ranka ya daɗe, ɗaukacin dakarun birged sun yanke shawara. Daga yau mun shiga yajin aiki, sai an ɗinka mana igiya biyu!"