Kifin Bikin Amira

Jannatu ta tsaya daga bakin zaure, ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta ƙi ƙarasowa tsakar gida. Ni kuwa ina zaune ina taya Asabe, mahaifiyar Ummussalma, tsinkar zogale, don haka komai a kunnena aka yi shi.

"Tun da kuɗi suka fara shigo miki kika daina sanin mutane," in ji Jannatu. "Suna biyu aka yi a cikinmu, ba a ga ƙeyarki ba. Yanzu ga bikin Amira, ke kaɗai ce ba ki ce uffan ba a guruf ɗinmu na waya."

Ummussalma tana gaban gangunanta uku na banda, tana juya tarwaɗa a kan raga, hayaƙi na dukan fuskarta. Ta ce ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya sha mata kai. Wata mai gidan abinci a Jos ta nemi kwali shida, kuma ranar Asabar da safe motar za ta tashi. Jannatu ta taɓe baki, ta ce kowa ma yana da abin yi. Ƙawaye sun riga sun yanke cewa gudunmawar Ummu kwali biyu ce ta kifi, kuma ita za ta kai da ƙafarta garin Malam Madori ranar wuni, cikin anko. In ba ta zo ba, to ta sani ranar nata bikin kujeru za ta yi wa rawa. Tana gama faɗa ta juya, tana kaɗe rigarta.

Sunana Patience. Daga Zonkwa aikin koyarwa ya kawo ni Haɗeja, shekara talatin ke nan, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da gidan su Asabe. Ummussalma da Jannatu da Amira duk ni na koyar da su a aji huɗu, shi ya sa har yau Malama suke ce mini. Ummu da ciwon sikila aka haife ta. Mahaifinta ya rasu tana sakandare. Ta gama difloma ta zauna shekara biyu babu aiki, sannan ta yanka tsohuwar ganga ɗaya ta fara banda. Wani masunci, Gana, shi yake kawo mata ɗanyen kifi daga wajen Baturiya kullum da sassafe. Ta wanke, ta naɗe, ta jera, ta ɗauki hoto ta tura wa masu saye. Cikin shekara uku kifinta ya kai Kano da Jos da Abuja. Ita ta sake rufin ɗakin uwarta. Shekarunta ashirin da shida.

Bayan fitar Jannatu, Ummu ta zo ta tsuguna kusa da mu tana shan ruwa. Idanunta sun ɗan yi rawaya, Asabe ma ta faɗa mata.

"Malama, me kika gani?" ta tambaye ni.

Na ce ta daure ta je ko na yini ɗaya ne. Na ce sana'a ba ta maye gurbin mutane, watarana za ta buƙace su. Da bakina na faɗi haka, ina jin kaina mai hikima. Asabe ta dube ni, ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

Kwali shida ya zama takwas, kwanakin kuwa ba su ƙaru ba. Watan Agusta ne, kogi ya cika, itace duk ya jiƙe, sai hayaƙi mai kauri da ba ya son tashi sama. Daga asuba zuwa magariba Ummu tana kan ƙafafunta. Wayarta tana kan taga tana ta ƙara, rabi masu saye, rabi 'yan guruf suna tambayar ko ta karɓo ɗinkinta, ko ta sayi takalmin da aka zaɓa. Ranar Laraba ta bar wuta a hannun uwarta ta tafi wajen tela, kafin ta dawo raga guda ta ƙone, ta sake sayen wani kifin. Ranar Alhamis na ji tarinta ta kan katanga.

Ranar Juma'a da hantsi ta fito cikin leshi ruwan goro, ta yi kyau ƙwarai. Aka ɗora kwali biyu a adaidaita, ta tafi.

Abin da ya faru a can, a gadon asibiti ta ba ni labarinsa, guntu-guntu. Tana isa suka karɓi kifin da guɗa, sannan suka ce ai babu wadda ta iya sarrafa shi kamarta. Suka ɗaura mata zani a kan ankon, suka bar ta a bakin murhu tana farfesu na mutum fiye da ɗari. Da aka zo ɗaukar hoto wata ta ce tana warin hayaƙi, ta koma can ƙarshen layi. Da la'asar ta ce za ta koma gida ta ɗaure kwalayen Jos. Motar ƙawaye ba za ta tashi ba sai an gama, babu kuma wadda ta rako ta bakin titi. Ta hau acaɓa. Suna rabin hanya ruwa ya kece, babu wurin fakewa sai gonakin shinkafa dama da hagu. Ta iso gida leshin ya manne mata a jiki, haƙoranta na haɗuwa.

Duk da haka da safe ta fito ta tsaya aka loda kwalayen. Mai adaidaita na barin ƙofar gida ta zauna a dakali, ta ce ƙafafunta. Kafin mu kai ta asibiti ciwon ya hau bayanta da ƙirjinta, tana cije gefen zaninta don kada ta yi ƙara.

Likita ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, ana buƙatar leda biyu, kuma irin nata babu shi a ajiye. Aka gwada Asabe, bai yi ba. Ni an ce shekaruna da hawan jinina ba za su bari ba. Sai na tuna da guruf. Ummu ta buɗe mini wayar, na ga mutum hamsin da uku. Na yi magana da muryata, na ce ni ce Malama Patience, Ummussalma tana kwance, ana neman jini yau ɗin nan, duk wadda ta iya ta zo a gwada ta.

Amsoshi suka fara zubowa. Allah ya ba da lafiya. Allah ya sa kaffara ne. Hotunan hannuwa a ɗage, hotunan fuska mai hawaye. Kafin minti goma saƙona ya nutse a ƙarƙashin bidiyon kwalliyar amarya. Na kira Jannatu. Kiɗa na tashi a bayanta har sai da ta ɗaga murya.

"Malama, wallahi yanzu za a fita kai amarya, kuma ni ce riƙe da kayanta. Ga shi ina tsoron allura. Gobe in sha Allahu za mu zo gaba ɗaya."

Daga Malam Madori zuwa inda muke bai kai tafiyar rabin awa ba. Na tsaya a barandar asibitin da wayar a hannu.

Gana ne ya zo. Ranar ya makara, ya kai kifi gida ya tarar babu kowa, maƙwabta suka faɗa masa. Ya bar kifin a zaure, ya koma kasuwa ya kwaso masunta huɗu, suka shigo da taɓo a ƙafafunsu. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi musu faɗa a kan ɓata daɓe, suka ba ta haƙuri. Jinin ɗaya daga cikinsu ne ya dace, wani dogo mai suna Adam wanda bai taɓa ganin Ummu ba. Aka samu leda ɗaya. Ta biyun aka ce a jira.

Ranar Lahadi ban je coci ba. Da safe Ummu ta ɗan farfaɗo, ta tambaya ko matar Jos ta karɓi kaya. Na duba, na ce ta karɓa, har ta yaba. Ta lumshe ido. Can ta sake buɗewa.

"An kai Amira lafiya?"

Na ce an kai ta.

"To, madalla. Malama, kada ki yi musu faɗa. Hidima ce ta yi musu yawa."

Numfashinta ya riƙa guntulewa. Asabe ta ɗora kan Ummu a cinya tana karanta mata kalmar shahada a kunne, ni ina riƙe da ƙafafunta da suka yi sanyi. Ana kiran azahar ta cika. Kafin la'asar maza sun kai ta, Gana da Adam suna cikin masu ɗaukar makara.

Ranar Litinin ƙawayen suka iso, mota guda. Dukansu cikin baƙar abaya, kamar sun yi shawara a kan hakan ma. Lallen biki bai goge daga hannuwansu ba. Tun daga zaure suka fasa kuka, har wata tsohuwa ta ce su ji tsoron Allah su yi shiru. Suka zauna, aka kawo musu shinkafa da wake da maƙwabta suka dafo, suka cinye. Ina kallon wata ta ɗaga waya, ta gyara mayafi, ta karkatar da kai, ta ɗauki kanta hoto da jajayen idanu. Wayar Ummu tana cikin jakata tana ta motsi. Da na leƙa, sai ga hoton ranar wuni an yanko ta daga ƙarshen layi, rabin kafaɗarta babu, an rubuta a ƙasa cewa aminiya ta tafi ta bar su.

Jannatu ta matso kusa da ni, ta rage murya. Ta ce ta daɗe tana sha'awar sana'ar nan, kuma bai kamata a bar wahalar marigayiya ta tafi a banza ba. Ko zan tura mata lambobin masu saye? Gangunan ma in ba a amfani da su za su yi tsatsa. Na kawar da kai. Ta ɗauka ban ji ba ne, sai ta ƙara matsowa, turarenta ya cika mini hanci.

"Sannan Malama, ko akwai ragowar kifin nan? Dangin angon Amira sun yi ta santinsa."

Na buɗe baki, sai na tuna abin da aka roƙe ni a asibiti, na rufe. Ashe Asabe ta ji. Ta ɗago daga inda take jingine da bango, carbi a hannunta.

"Akwai rabin kwali a ɗakinta," ta ce. "Malama, ɗauko ki ba su. Ba na son ganinsa."

Na ɗauko. Na yi zaton kunya za ta hana. Jannatu ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ta yi addu'a mai tsawo. Da na raka su ƙofa, tun motar ba ta tashi ba na hango su ta taga suna rabawa a baƙaƙen leda, wata tana cewa nata ƙanana ne. Na juya na koma cikin gida.

Lambobin ban tura ba. Na kashe wayar na ba Asabe, ta sa a ƙasan akwati. Daga ranar babu wadda ta sake tako gidan a cikinsu, ni ma ban sake ba wani shawara a kan zumunci ba.

Ranar uku da yamma, bayan mutane sun watse, na shiga na naɗe tabarmin da aka aro daga masallaci, na jingine su a zaure. Asabe ta ƙi ba ni tsintsiya. Ta sunkuya tana shara a hankali, tana tara ledojin ruwa da ɓawon goro wuri ɗaya. Da ta kai tsakiyar gidan sai ta tsaya, ta zauna a ƙasa, tsintsiyar a kan cinyarta. Wata kaza ta shigo da 'yan tsakinta suna tona tarin sharar, suna watsa ta. Asabe tana kallonsu, ba ta kore su ba.