Ba Ni Na Ɓata Ƙaramar Ma'ajiya Ba

Ranar Litinin ya kamata saƙon tsutsar masara ya shiga wayoyin manoman Maska da Mahuta, amma har ƙarfe goma na safe manhajar ƙungiyarmu ta ƙi tashi. Mu uku ne a ofishin, a bayan shagon takin mahaifin Onyekachi a Funtuwa. Onyekachi ne shugaban aikin. Mahadi yana da digiri. Ni a aji shida na firamare na tsaya, sauran a tsohuwar kwamfutar yayana na koya.

A Git muke ajiye aikinmu, shi ke riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Akwai babbar ma'ajiya, a cikinta akwai ƙarama mai ɗauke da saƙonnin Hausa, ni ke kula da ita. Babbar ba ta kwafe abin da ke cikin ƙaramar, lamba kawai take riƙewa mai nuna gyaran da za a ɗauko. Da Onyekachi ya jawo aikin a kwamfutarsa, sai ta ce ba ta ga gyaran da lambar ke nunawa ba.

Mahadi bai ko leƙa allon ba ya ce ai ɓangaren Maijidda ne, wato ni. Ya ce dama ya faɗa, wannan ba aikin 'yan firamare ba ne, a karɓe izinin gyara daga hannuna, in riƙa rubuta saƙonnin a takarda shi yana shigarwa.

Onyekachi ya matso kusa da teburina, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ni ce ƙarama, in ba da haƙuri kawai a wuce wurin, manoma suna jira.

Na saba ba da haƙuri. A gida ko Inna ce ta kifar da kwano, ni ke cewa a yi haƙuri. Amma na san in na faɗe shi a nan, na amsa laifin ke nan, izinin kuma ya tafi.

"Yallaɓai, ba zan bayar ba," na ce, idona a kan teburi. "A ba ni minti goma."

Na kwafi lambar, na neme ta a tarihin ƙaramar ma'ajiya. Babu ita a intanet, babu ita a kwamfutata. Na koma babbar, na duba wanda ya canza lambar. Ranar Asabar ne, bayan la'asar, lokacin ina biki a Kafur. Na juya wa Onyekachi allon, ya karanta sunan da kansa: Mahadi.

Mahadi ya ce layi ɗaya kawai ya ƙara, lambar wayar malamin gona. Na ce masa ya tura babbar, ya manta bai tura ƙaramar ba, gyaran yana kwance a kwamfutarsa shi kaɗai.

"To, Malama, mun ji," in ji shi. "Bari in tura, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba, Malam Mahadi. Ma'ajiyata ce. Ka turo mini in duba tukuna, kamar yadda kake duba nawa."

Ya kalli Onyekachi. Onyekachi ya ɗauki wayarsa yana dannawa kamar ba ya ɗakin.

Gyaran ya iso. Na karanta shi a tsanake, sau biyu, na gwada lambar malamin gonar a wayata har ta yi ƙara, sannan na amince. Onyekachi ya sake jawo aikin, manhajar ta tashi, saƙonni suka fara fita.

Da azahar Mahadi ya tambaya ko har yanzu za a duba maganar izinin. Ban bari Onyekachi ya amsa ba. Na ce a duba, a fara da nasa.