Dakalin Alhaji Dabo

Sai a bugu na uku dakalin ya tsage. Alhaji Dabo ya tsaya yana haki, ya share gumi da hannun riga, ya sake ɗaga guduma. Mutum ne da ya haura sittin, dillalin shanu a Daura, wanda rabonsa da ɗaukar abin da ya fi sandar kora nauyi har ya manta. Ga shi yau da hantsi yana rushe dakalin ƙofar gidansa da hannunsa, dakalin da ya taɓa rantsewa ko mai unguwa bai isa ya ɓantare shi ba.

Matarsa Yelwa ta leƙo daga zaure. "Alhaji, ka bari a kira magina mana. Bayanka fa."

"Ni na sa aka gina, ni zan rushe. Koma ciki."

Ba ta koma ba, ta dai tsaya tana kallonsa, don ita ce ta kawo labarin da ya fito da gudumar. An dawo da maƙwabcinsu Malam Sha'aban daga asibiti a Katsina, likitoci sun ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Babu wanda bai san fassarar wannan magana ba.

Lungun nasu ba ya ɓullewa. Gidan Alhaji Dabo ne a baki, na Malam Sha'aban a ƙurya. Malam Sha'aban tsohon malamin makarantar koyon sana'a ne, ya yi shekara talatin yana koya wa 'ya'yan mutane injin mota bai taɓa mallakar ko taya ba. Da ya yi ritaya, kowa ya zaci gona zai saya ko tumaki. Sai ga shi ya dawo daga Kano da wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta masu tsere, wadda aka sayar masa da araha saboda gabanta ya lotse. Turo ta aka yi har cikin kangon gidansa, unguwa kuwa ta samu abin dariya na wata guda. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu magana, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Shekara huɗu ya yi yana fama da ita. Ya sauke injin ya wanke shi ƙusa-ƙusa ya mayar. Ya yanke sifirin ya sauko da ita ƙasa har kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta. Ya canja salansa, ya yi mata shuɗin fenti, ya ɗinka wa kujerun jar fata ta dukawa. A ƙarshe ya samo wasu faffaɗan tayoyi, ya buɗa madigadi don su zauna. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Alhaji Dabo ya gina dakalin siminti a ƙofar gidansa, inda mahauta da baƙinsa na rugage ke zama su jira shi. Mai mota bai auna lungu ba, mai dakali bai auna mota ba. Ranar da aka gama aiki aka zo fitarwa, sai ta cije tsakanin dakali da katangar da ke fuskantarsa. Abin da ya hana ta wucewa bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Alhaji, ka ɗan rage mini bakin dakalin nan, ni zan gyara maka shi."

"Kai ka mayar da tayoyin da ta shigo da su mana."

"Tayoyin nan wata takwas na yi ina nemansu."

Daga nan magana ta yi zafi. Mutane suka taru, mai unguwa ya zo ya ce kowa ya yi haƙuri, kowa ya ce ɗan'uwansa ne zai fara. Alhaji Dabo yana da baki, sana'arsa ce, kuma idan ya ga jama'a bakin yakan riga hankalinsa fita. A gaban kowa ya ce, "Tsofai-tsofai da kai kana wasan yara. To wallahi sai dai a fito da kai a makara, ita ta zauna a ciki."

Malam Sha'aban ya shiga mota. Ya sa giyar baya, ya koma da motarsa.

Shekara biyu ke nan. Suna haɗuwa a masallaci, kafaɗa da kafaɗa wani lokaci, sallama kawai ke haɗa su, ita ma a bushe. Kowace Juma'a da safe Alhaji Dabo yakan ji motar ta tashi a bayan katanga. Malam Sha'aban na tuƙa ta daga gindin darbejiya zuwa bakin rijiya, ya dawo da baya, tafiyar da ba ta kai taku goma sha biyar ba, don kada batir ya mutu. Tun Alhaji yana tsaki har ya daina. Magana zarar bunu ce, ya san haka, amma girman kai ya hana shi taka ƙofar. Yanzu kuwa tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske: kada bakinsa ya tabbata, a fito da mutumin nan ta gabansa bai yafe masa ba.

Kafin azahar dakali ya zama tarin ɓaraguzai. Ya kwashe su da kwando, ya share ƙasa da tsintsiyar Yelwa, ya wanke hannu, ya nufi ƙuryar lungu. Sau biyu ya yi sallama kafin muryarsa ta fita yadda ya kamata.

Haulatu, matar Malam Sha'aban, ta amsa daga bayan labule. "Shigo, Alhaji. Tun safe yake jin ƙarar guduma, yana ta tambaya wa ke gini."

Malam Sha'aban yana kwance a kan katifa a rumfar tsakar gida. Mutumin ya ƙare, sai idanu da dogon wuya. Alhaji Dabo ya durƙusa ya ce, "Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne."

"Jiki alhamdu lillahi. Me kake fasawa?"

"Dakali."

Malam Sha'aban ya daɗe yana kallonsa. "Duka?"

"Duka."

"Kai dai ba ka iya komai da sauƙi ba. Tafin hannu na ce maka." Ya juya kai wajen labule. "Haulatu, miƙo mini makullin nan da hulata."

"Malam, a wannan halin?"

"To a wane halin kike jira?"

Ba zai iya taka kuloci ba, wannan a fili yake. Alhaji Dabo ya taɓa jan babbar mota da ƙuruciya, lokacin da yake kai shanu Kudu, don haka tuƙi ya faɗo kansa. Shi da Maharazu, ƙanen Malam Sha'aban, suka tallabo maras lafiyar suka zaunar da shi a motar, aka tokare shi da matashi. Shigar Alhaji ita ce aiki. Ya naɗe babbar riga, ya sunkuya, hula ta bugi rufi ta faɗi, ya zauna ya ji kamar a tabarma yake, gwiwoyinsa na neman haɓarsa.

Ya murɗa makulli. Ta tashi da bugu ɗaya, da wani gurnani mai kauri da ya ji har cikin haƙarƙarinsa. Suka fito a hankali. Daidai inda dakali yake a da, Alhaji ya riƙe numfashi, ta wuce sumul, har da sauran wuri. Mata na leƙe ta ƙofofi, masu shago suka miƙe tsaye. Malam Sha'aban bai kalli kowa ba, kunnensa na kan injin.

Suka ɗauki hanyar Baure. Damina ta yi kyau a bana, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, ya fara sunkuyar da kai. Alhaji Dabo ya ƙanƙame sitiyari yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, har wani mai babur ɗauke da buhu biyu ya wuce su yana waiwaye.

"Malam," ya fara, "maganar nan da na faɗa maka ranar..."

"Sa giya ta uku."

Ya sa. "Na ce maganar da na..."

"Ba saniya kake kora ba, Alhaji. Taka ta."

Ya taka totur. Motar ta zabura, bayansa ya manne da kujera, gonaki suka fara gudu. Bai san lokacin da salati ya kuɓuce masa ba. Ya saci kallon gefe, sai ya ga Malam Sha'aban ya lumshe ido, iska na kaɗa masa gemu, yana murmushi har ana ganin wushiryarsa.

"Ka ji ta? Ka ji yadda take shaƙar iska? Na san za ta yi. Shekara biyu ina gaya wa Haulatu za ta yi."

Sun yi nisa kafin Alhaji ya rage gudu ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata tsamiya. Ya juyo gaba ɗaya, gwargwadon yadda kujerar ta bari. "Malam, don girman Allah ka yafe mini. Bakina ne ya cuce ni."

Malam Sha'aban ya buɗe ido, ya dubi allon mota, ya ƙwanƙwasa wata allura da yatsa. "Ba ta yi zafi ba ko kaɗan. Juya mu koma gida, na gaji."

Haka suka dawo, ba eh ba a'a. Wannan shiru ya fi wa Alhaji Dabo zagi ciwo. Kwana biyar yana zirga-zirga tsakanin gidansa da ƙuryar lungu, ko kasuwa bai leƙa ba. Kullum ya je sai ya tarar da 'yan dubiya cike da rumfa, ga tsofaffin ɗalibai, ga dangi daga Baure, babu damar keɓewa. A kwana na uku magana ta ɗauke wa Malam Sha'aban. Tuwo ya daina wuce wa Alhaji. Yelwa ta ce, "Ai ka nema, Allah ya gani." Ya ce, "Allah ya gani, amma haƙƙin na mutum ne."

Ranar Laraba da hantsi yana zaune a zaure sai ya ji salati ya tashi daga ƙurya, sannan kukan mata ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ke nan, ƙofa ta rufe. Yana nan zaune Maharazu ya yi sallama, idanunsa jajur, ya ce matar yayansa na son ganinsa.

Ya tsaya a bakin labule ya yi mata ta'aziyya.

"Alhaji," in ji Haulatu, "ya bar wasiyya. Ya ce kai za ka yi masa wanka."

"Ni?"

"Kai. Tun ranar da kuka dawo ya faɗa, a gaban Maharazu. Ya ce ba ya son kowa ya taɓa shi sai kai." Ta ja hanci, sai kuma wata 'yar dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. "Na ce masa to ka gaya wa bawan Allahn nan ka yafe masa mana, ka ga yadda ya rame. Ya ce ai ya yafe tun ranar da ya ji guduma. Wai ya so ya faɗa maka a hanya, sai ya ga idonka ya kawo ruwa, ya ce in ya faɗa za ka fashe da kuka ka jefa masa mota a rami."

Alhaji Dabo ya dafa bango. Wani abu da ya tokare masa ƙirji shekara biyu ya sauka, ya ji iska ta shiga har ƙasan cikinsa. Kukan da aka ji masa tsoro ya zo, bai kuma hana shi ba. Baƙin ciki na nan, amma sanyin da ya ji ya fi shi yawa, har ya ji kunyar irin sauƙin da ya samu a gidan mutuwa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Malam. Ya iya horo."

Aka kawo ruwa a bokiti biyu da garin magarya, aka sakaya ɗakin. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, Maharazu na zuba masa ruwa da buta. Ya bi komai a tsanake, dama kafin hagu, yana juya shi a hankali kamar mai gudun kada ya tashe shi. Da ya zo kan hannun dama sai ya dakata. A ƙarƙashin kowane farce akwai siririn layi na baƙin mai, ya shige cikin fata ya zauna. Ya sa sabulu ya cuɗa, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa. Bai fita ba.

"A ƙaro ruwan ɗumi?" Maharazu ya tambaya a hankali.

"A'a, bar shi."

Ya miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da hannun a gefensa, ya ɗauko na hagu.